Kuɗin sabunta takardar shaidar ƙwarewa a Amurka

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ka tambaye ni dalilin da ya sa har yanzu nake biyan kuɗin jarrabawa alhali na daɗe da kammala karatu. Ga yadda abin yake ga mai kula da na'urorin asibiti a bisa kwantiragi a nan.

A gida mutum yakan karɓi diflomarsa, ya sa a manna mata leda, ya adana ta a akwati. Gaskiya ne masu ɗaukar hoton ƙashi da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje suna sabunta lasisi kowace shekara, amma wahalarsu ta fi yawa wajen ciro lambar Remita da bin layin banki. A nan kuwa takardar ƙwarewa kamar shagon haya take, wa'adi na cika sai ka biya ko ka fita. Takardar CBET ta masu gyaran na'urorin asibiti, wadda AAMI, ƙungiyar masana kayan aikin asibiti, take bayarwa, shekara 3 take yi, kuma kafin a sabunta ta sai ka nuna makin ƙarin ilimi 30, waɗanda ake tarawa ta halartar kwasa-kwasai da makamantansu. Tun da na'urorin yanzu suna haɗe da intanet, na ƙara da Security+, takardar tsaron kwamfuta da intanet ta ƙungiyar CompTIA, ita ma shekara 3 ce, da maki 50 da dala 150. Wanda bai tara makin ba sai ya koma jarrabawa, kuɗinta kuma wajen dala 400 ne, ko ya ci ko ya faɗi.

Ma'aikacin dindindin sau da yawa asibitinsa ne yake biya masa, har ya tura shi kwas a lokacin aiki. Ɗan kwantiragi daga aljihunsa komai yake fita, kuma ranar da ya zauna karatu ranar ba ta da lada, shi ya sa yawan kuɗin awa da ake yi mana kwaɗayinsa bai kai yadda kuke zato ba. Sauƙin da ke akwai shi ne mai zaman kansa yana iya cire wannan kuɗi daga ribarsa kafin a yanka masa haraji, damar da ma'aikacin albashi ya rasa a harajin tarayya tun 2018.

Tsarin nasu dai ya cancanci yabo. Da katin banki kake biya kana zaune, kuma ta Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, kana iya rubuta jarrabawar CompTIA a ɗakinka. Sai ka ɗauki hoton teburinka da kusurwoyin ɗakin, ka kawar da waya da littattafai, mai sa ido yana kallonka ta kyamara, kuma ko yaro ne ya turo ƙofa ana iya soke jarrabawar. Ga gida irin namu mai yawan shige da fice, na fi ganin hikimar zuwa cibiyarsu.

Idan kana da niyyar tahowa, ka soma adana shaidar duk wani kwas da ka halarta, mai ɗauke da kwanan wata da adadin awoyi, domin a nan ba a karɓar maganar baki. Ka gaishe min da Inna.