Masu kofiraj ɗin da suka yi mini dal a unguwar Zariya

Mutane da dama sun tambaye ni wa ya yi mini kofiraj, wato ƙwaryar da ake zuba kankare a ciki har ya daskare, a ginin da nake yi nan Maradi, to ga abin da na gani. Wani dattijon kafinta ne da yaransa. Suna ba da hayar farantan ƙarfe na zuba poto (ginshiƙan kankare) da sandunan ƙarfe na tokare dal (rufin kankare), kuma su suke ɗaurawa da kansu.

Aikin poto ya burge ni. Kowane faranti sai sun kankare shi, sun shafe shi da baƙin mai don kada kankare ya manne, sannan dattijon ya duba tsayuwarsa da igiya mai nauyi ta fuska biyu. Da aka buɗe bayan kwana 2, gefuna sumul, ba tumbi, ba ramukan da tsakuwa ke leƙowa. Wanda ya taɓa aiki da tsohon katako ya san yadda ruwan siminti ke tsiyaya ta tsaga, ya bar yashi da tsakuwa tsirara. A nan ban ga haka ba.

Amma a wurin dal na fi ganin amfaninsu. Kankare mai tsawo, faɗi da kauri mita ɗaya-ɗaya ya kai kilo 2,400, ga nauyin leburori da baro a kai ranar zubi. Shi ya sa dattijon bai yarda a kafa sanda ko ɗaya a kan yashi ba sai an shimfiɗa katako a ƙarƙashinta. Ƙasar unguwarmu rairayi ce, da ta sha ruwa sai ta nutse. Ya kuma sa ƙananan dunƙulen siminti a ƙarƙashin rodi don kankare ya rufe ƙarfen ta ƙasa, abin da magina da yawa ke tsallakewa, daga baya tsatsa ta fasa silin.

Magini ya so a cire sanduna da wuri don ya ci gaba da aiki a ƙasa. Dattijon ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, sai an cika mako 3." Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, dole ana ban ruwa safe da yamma. Kuɗin haya ya ƙaru a kaina, na biya ban yi gardama ba.

Inda suka ɓata mini rai shi ne alkawari. Sandunansu ba su da yawa, suna tokare a wani gini can unguwar Ali Ɗan Sofo, na sauke siminti da tsakuwa ina ta jira. Kuma kuɗinsu ya fi na masu katako, ɗauko kaya ma a kanka yake. In ƙaramin ɗaki ne ko linto, katako ya isa. In bene ne, ka neme su tun kana haƙa tushe, ka ƙirga sandunan da idonka kafin ka sayi siminti.