Jagoran fatsa a Rockport: a kan ruwa gwani ne, amma ina da ƙorafi

Duk mai sha'awar fatsa a cikinmu mazauna Houston ya san gaɓar Rockport da ke bakin teku a jihar Texas, ya kuma san abin da jagororin can suke caja, don haka ba zan tsaya kan maganar kuɗi ba. Yini cikakke na biya a watan Nuwamba, ni da ɗana, domin farautar jan kifin nan redfish da ƙugiyar gashi, wadda ake ɗaura wa gashi ta yi kama da abincin kifi, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Ni na yanki lasisin Texas mai hatimin ruwan gishiri, shi kuma yaron bai kai 17 ba, doka ba ta nema a wurinsa. Sunan jagoran zan sakaya shi.

Kwale-kwalensa ƙarami ne, marar zurfi. Da mun isa fadamar ruwan sai ya kashe inji, ya hau dakalin da ke baya, ya riƙa tura mu da doguwar sanda, ba ƙara ko kaɗan. Ya ce dokar jihar ta hana farfelar inji tumɓuke ciyawar ƙarƙashin ruwa, kuma ko ba doka shi ba ya yi, domin cikin ciyawar nan ƙaguwa da jatan lande suke, su ne abincin kifin. Wannan ya burge ni tun da safe.

Iskar arewa ta matsa mana. Jan kifi mun gan su jefi-jefi, wutsiya a sama da ɗigon baƙin nan nata, kai a cikin laka, amma kafin igiya ta sauka sun watse. Yaron ya kama ɗaya mai kyau wanda ya shiga ma'aunin inci 20 zuwa 28 da aka yarda a ɗauka, muka sake shi duk da haka.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ya faru ne wajen hantsi, kusa da wani tudun kawa, wato halittar ruwan nan mai ɓawo mai kaifi. Jagoran ya kafe sandarsa, ya rage murya ya ce in dubi wajen ƙarfe 11, wato gaban kwale-kwale ta ɗan hagu kamar a fuskar agogo, tazarar ƙafa 40. Wallahi ban ga komai ba sai laka da ciyawa, duk da baƙin tabarau mai yanke ƙyallin ruwa da ke idona. Ya ce in bar neman kifi, in nemi inuwar da ke motsi. Can sai wata faffaɗar wutsiya mai launin toka ta fito, ta yi lilo a hankali, ta koma. Black drum ne, baƙin ɗan'uwan jan kifin, kuma babba.

A nan na ga aikin da na biya. Ya ce wannan ba kamar jan ba ne, ba ya bin abinci da gudu, da gemun da ke ƙarƙashin haɓarsa yake lalube, don haka sai ƙugiya ta sauka dab da bakinsa ta kwanta a ƙasa. Ya sauko da kansa ya cire wadda nake amfani da ita, ya ɗaura wata baƙa mai nauyi mai siffar ƙaguwa. Na jefa, kifin ya wuce ta ko kallo bai yi ba. Na sake jefawa, haka. Wani jagoran da tuni ya ce mu tafi neman ja, tunda su ne ake so a hoto. Wannan bawan Allah sai ya riƙa zagayawa da mu a hankali, yana tura kwale-kwale gaba da iska, gumi na zuba, don kawai rana ta koma bayana, iska kuma ta bar kaɗa min igiya a kafaɗa. Ya fi rabin awa yana wannan fama a kan kifi ɗaya, bai ɗaga min murya ko sau ɗaya ba.

Da ƙugiyar ta sauka inda ake so, ya ce kada in motsa ta. Sannan ya ce in ja kaɗan, kamar tsawon yatsa. Na ga kifin ya karkata, wutsiya ta miƙe sama. Ya ce in ja igiyar da hannu da ƙarfi, kada in ɗaga sanda. Na ja, sai na ji kamar na maƙale da kututture, sannan kututturen ya fara tafiya. Ba ya tsere irin na jan kifi, nauyi ne kawai da taurin kai, yana neman ya goga igiyar a kaifin kawa, jagoran kuwa yana tare masa hanya da kwale-kwale. Yaron yana ta faɗin, "Baba, riƙe shi, Baba, kada ka sake!" Da muka kawo shi gefe na sa hannu ƙarƙashin cikinsa, sai na ji yana kiɗa daga ciki, dum, dum, har cikin tafin hannuna, kamar an buga ganga a ɗaki na kusa. Ya haura inci 30, iyakar abin da ake ɗauka, kuma manyansu dama naman yakan yi tsutsa, ba a sha'awar ci. Jagoran ya riƙe shi cikin ruwa har ya dawo hayyacinsa, ya tafi abinsa.

Da a nan yinin ya ƙare, da tauraro biyar zan ba shi ba tare da na yi tunani ba.

Sai lokacin cin abinci ya yi. Tun ranar da na kama gurbi na rubuta masa cewa mu Musulmi ne, ba ma cin naman alade, ya amsa da cewa ba matsala. Ya buɗe akwatin ƙanƙara, burodi ne da yankakken naman alade a ciki, duka. Ya ce ya manta, ya ce mu zare naman mu ci burodin. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don yunwata ba, don yaron da ya tashi tun asuba ya wuni a rana da ruwa da soyayyen dankalin leda. Mutumin da ya iya hango inuwar kifi a cikin laka ya kasa tuna saƙo mai layi biyu. Na yarda ya tsaya mana a wani tsibiri muka yi azahar, ya koma gefe ya ba mu wuri cikin mutunci, na kuma gode masa. Amma hakan bai cika cikin yaro ba.

Bayan haka iska ta ƙaru, sai ya ce ruwa ya gurɓace, gara mu koma. Awa 8 ne yini cikakke a tallarsa, mun dawo bakin gaɓa da saura kusan awa 2. Ban ce ya yi ƙarya kan iskar ba, na ga ruwan da idona. Abin da ya dame ni shi ne bai ce uffan ba kan ragin kuɗi ko ramuwa wata rana, ya karɓi cikon kuɗinsa cif, ya kuma tsaya yana jiran tukuici. Na ba shi saboda baƙin kifin nan, amma hannuna bai saki da daɗin rai ba. Bidiyon da ya ɗauka ya ce zai turo da yamma, sai da na yi ta tuni kafin ya zo.

Tauraro uku nake ba shi. Yaron ya ce huɗu ya kamata, har yanzu muna ja a kai. Idan za ku je wurinsa, ku tafi da abincinku daga gida, ku kuma sa ya rubuta muku tun farko yadda za a yi da kuɗi idan iska ta kore ku kafin lokaci.