Bindigar farauta mai riƙe saiti daga nesa: abin dubawa kafin ka biya

Kamfanoni da dama suna sayar da bindigarsu da alƙawarin MOA ɗaya. Ma'anarsa, harsasan da ka harba za su taru cikin da'irar da ba ta wuce inci ɗaya ba a nisan yadi 100, wato kusan santimita 3 a mita 100. Tikka T3x ta ƙasar Finland da Weatherby Vanguard duk suna ba da wannan alƙawari, amma a kan harbi uku kacal. Harbi uku kuwa sa'a ma tana iya haɗa su wuri guda. Idan kana son sanin gaskiyar bindiga, ka ɗora ta kan buhun yashi, ka yi harbi biyar sau uku, ko goma a takarda ɗaya, sannan ka auna tazarar ramuka biyun da suka fi nisa da juna.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne harbin farko, lokacin da bututun yake da sanyi. Barewa ba za ta tsaya ta jira na biyu ba. Bututu siriri yana da daɗin ɗauka a doguwar tafiya, sai dai yana saurin zafi, kuma daga harbi na huɗu ko na biyar za ka ga ramukan sun fara hawa sama ko suna karkata gefe. Mai kauri ya fi jure zafi, amma saboda nauyinsa kafaɗarka za ta ba ka labari da yamma. Mafarauci ya fi bukatar siririn da harbinsa na farko ke faɗawa wuri ɗaya kullum, don haka ka gwada shi da safe uku daban-daban, harsashi ɗaya-ɗaya, a takarda guda.

Sai zaɓin harsashi. .308 Winchester ya fito a 1952, ana samunsa kusan ko'ina, kuma ba ya saurin cinye bututu. 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ya fitar a 2007, dogo ne siriri, iska ba ta ture shi sosai, kuma bugunsa a kafaɗa da sauƙi. Shi ya sa sabon maharbi ke saurin sabawa da shi, ko da yake bututunsa kan gaji kafin na .308. Shi kuwa .300 Winchester Magnum na 1963 yana da ƙarfin kayar da babbar dabba daga nesa, amma naushinsa kan sa mutum ya runtse ido kafin ya ja kunama, kuma da zarar wannan ɗabi'a ta kama ka, saiti ya tafi. In ba manyan namun daji kake bi ba, ban ga dalilin ɗaukar wannan wahala ba.

Kada ka tsaya a mita 100. Bindigar da ta yi kyau a nan tana iya watsewa a mita 300 idan gudun harsasan ya bambanta da juna. Can wajen mita 450, harsashin .308 da aka saita a mita 100 yana sauka fiye da mita ɗaya, iska kuma ta ƙara nata. Gurbin zuciya da huhun barewa bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Ka lika takarda mai wannan faɗi, ka harba a kwance ko a durƙushe kamar yadda za ka yi a daji. Nisan da kake samunta kowane harbi, nan ne iyakarka, ba abin da aka rubuta a kwali ba.

Kunama ma a duba ta. Bindigar Savage 110 tana zuwa da kunama mai suna AccuTrigger, wadda kake iya daidaita taurinta da kanka. Remington 700, tun 1962 take kasuwa, kayan canjinta suna da yawa ƙwarai. Madubin hange kuma a ware masa kuɗi sosai, a ɗaure shi da kyau, domin sau da yawa sukurunsa ne ya saki ake ɗora wa bindiga laifi.