Dogon Numfashi ko Na'urar Motsa Jijiyar Vagus?

Zuciyar mai lafiya ba ta bugawa daidai wa daida kamar agogo. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana ɗan canzawa, kuma yawan wannan canjin alama ce ta jijiyar vagus, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya har zuciya da hanji, tana aikinta na taka wa zuciya birki.

Dogon numfashi yana taɓa wannan kai tsaye. In ka ja iska bugun yakan ƙara sauri, in ka sake ta ya lafa. Ka rage numfashinka zuwa kamar sau 6 a minti ɗaya, daƙiƙa 5 ciki, 5 waje, sai bambancin ya faɗaɗa nan take. Ko sisi ba ka kashe ba. Sai dai da ka koma numfashin yau da kullum, yawancin tasirin yakan ja baya, don haka abin na son naci.

Na'urar da ke motsa jijiyar da lantarki kuwa aikin tiyata ce. Ana dasa batir ƙarƙashin fatar ƙirji, a naɗa waya a jijiyar vagus ta hagun wuya, domin ta dama ta fi iko da bugun zuciya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita don farfaɗiya a 1997, sannan don matsanancin ciwon damuwa a 2005. Takan jawo dushewar murya da tari. Ƙananan na'urorin da ake maƙalawa a kunne kuma, sakamakon bincike a kansu ya sha bamban.

In dai don bambancin bugun zuciya ne kawai, ni numfashi zan zaɓa.