Nodumax a gonar waken suya: sai da na tona saiwa na yarda

Wanda ya buɗe ledar Nodumax karon farko zai ɗauka kuɗinsa ya tafi a banza. Baƙin gari ne kawai. Amma a cikinsa akwai ƙwayoyin bakteriya masu rai da ake kira Bradyrhizobium, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ke haɗa shi don a cakuɗa da irin waken suya kafin shuka. Daminar bana na gwada shi a rabin gonata, ɗaya rabin na shuka haka nan.

Haɗin ba wuya. Na jiƙa ƙaro a ruwa, na yayyafa wa irin, na zuba garin na cakuɗa har kowace ƙwaya ta yi baƙi, na baza a inuwa ya sha iska, muka shuka a ranar.

Da waken ya fara fure sai na tono 'yan gindi daga kowane ɓangare. Na wajen da aka sa garin, saiwarsu cike da ƙulle-ƙulle, wasu sun kai ƙwayar dawa, sun taru kusa da babbar saiwa. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa jaja-jaja, alamar yana aiki ke nan. Na ɗaya ɓangaren kuwa 'yan ƙalilan ne, ganyen ma bai kai wancan kore ba.

Yadda abin ke faruwa ya fi burge ni. Saiwa ce ke fara sallama: takan fitar da wani sinadari cikin ƙasa, bakteriyar da ta dace ta amsa da nata. Sai gashin saiwar ya lanƙwashe ya rufe ta, ta bi wata siririyar hanya ta shige ciki, a gina mata ƙulli. Nan take zama tana mayar da naitirojin na iska, wanda ya kai kashi 78 cikin 100, abincin shuka, ita kuma shukar tana ciyar da ita. Wake namu na gida yakan dace da ƙwayoyin da ke ƙasarmu, waken suya ne mai zaɓe.

Kada a labta takin yuriya, mai yawan naitirojin. Shukar da ta ƙoshi da naitirojin takan rage yin ƙulli, ka yi asara biyu. Takin supa take so.

Ƙorafina na kan wani mai shago da na tarar ya jera ledojin a rana, ƙarƙashin kwano mai zafi. Zafi na kashe ƙwayoyin, kuma ido ba ya bambanta mataccen gari da mai rai. Ban saya a wurinsa ba. In za ka saya, duba ranar da zai lalace, ka kuma tambayi inda aka ajiye shi.