Kafin ki kashe kuɗi a kayan wasan "ƙara basira"

Jiya wata ƙawata ta kira ni wai za ta shiga kasuwar Terminus da ke Jos ta siyo ma ɗanta mai shekara biyu da rabi abun wasan da zai buɗe mishi ƙwaƙwalwa, wanne ya fi. Na ce mata Hajiya tsaya tukun, ni nan da kike gani an taɓa yi min sakiyar da ba ruwa a harkar nan.

Abu uku ne dai ake ta tallata mana, ƙaramar kwamfutar yara mai waƙar ABC, katunan nan masu hoto da kalma, sai guntayen katako da yaro ke ɗorawa kan juna. Ni katakon nake so, ba zan ɓoye ba.

Dalilina kuwa tun muna NCE aka koya mana shi, lokacin dai hadda muke don jarabawa. Jean Piaget, wani masani ɗan Suwizalan, ya raba girman tunanin yaro mataki huɗu. Daga haihuwa zuwa wajen shekara 2 da hannu da baki yake gane duniya, shi yasa komai ya ɗauka sai baki. Daga 2 zuwa 7 lokacin wasan kwaikwayo ne, amma in kika juye ruwa daga faffaɗan kofi zuwa dogo siriri a gaban idonshi zai ce miki ruwan ya ƙaru, na gwada da nawa na sha dariya. Sai wajen 7 zuwa 11 yake gane ruwan bai canza ba, tunanin abun da ba a gani ba a taɓawa kuma sai daga 12 zuwa sama. To katako ɗaya ɗin nan yana bin yaro duk tafiyar, yana shekara ɗaya ya ciza ya wurgar, yana biyu ya gina ya rushe, yana huɗu katakon ya zama Keke Napep ko tukunyar tuwo, ya shiga firamare ku yi lissafi da shi. Kuma ba ya neman caji, wanda duk mai zama Jos ya san darajar wannan. Nawa a kasuwar Katako na samu, wani kafinta ya yanka min ragowar aikinshi ya goge sumul, na ce kar ya sa fenti, kuma kowanne ya fi ƙarfin bakin yaro.

Sharaɗi ɗaya, sai an zauna da yaron. Vygotsky, wani masani ɗan Rasha, cewa ya yi koyo na faruwa ne a abun da yaro bai iya shi kaɗai ba amma zai iya in babba ya ɗan tallafa, ko yayarshi ma ta isa.

Katuna kuma haddar aku ce, ki bari sai ya girma.

Kwamfutar ita ce ta ci kuɗina. Mai shagon ya rantse min yaro zai fara karatu kafin shekara uku, sati biyu ta daina caji, na koma ya ce ai yaron ne ya jiƙa ta da miyau. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 a raba shi da zaman kallo, daga 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a rana.

Ku kula da masu cewa kiɗan Mozart, wani tsohon makaɗin Turai, na sa jariri basira, binciken 1993 da suke jingina da shi a kan ɗaliban jami'a aka yi ba jarirai ba, kuma tasirin bai wuce minti 15 ba. Kamfanin Disney da kanshi a 2009 ya yarda ya mayar ma iyaye kuɗin faifan bidiyon Baby Einstein da aka tallata wai yana koyar da jarirai, balle wani mai shago da ya liƙa sitika ya rubuta Montessori, sunan wani tsarin koyar da yara da kowa ma zai iya liƙawa ba mai hana shi. Kayan wasan gwanjo kuma ki kankara da farce, in fenti na ɓarewa ki ajiye, tsohon fenti kan zo da dalma kuma ƙwaƙwalwar da kike son ginawa ita take lalatawa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ƙaramin batir irin na agogo, in yaro ya haɗiye cikin 'yan awanni yake ƙona maƙogwaro, don haka in murfin batirin ba da noti aka ɗaure shi ba ko kyauta aka ba ki kar ki kai gida.