Gargaɗi: Mai bin gida-gida yana karɓar mindar kakanni da sunan kuɗin Ingila

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, saboda kunya. Ni ma an ci ni, kuma da bakina na nuna wa macucin hanyar gidan gwaggona. To amma na samu labarin har yanzu yana kai-komo tsakanin Katsina da Daura, har ya fara shiga ƙauyukan Mashi da Mani. Duk wanda ya san akwai mindar soja a adakar gidansu ya karanta, ya kuma karanta wa tsofaffi, don su ake nema.

Na fi shekara goma ina tara minda. Ba sana'ata ba ce, ni malamin makaranta ne. Kakana kofur ne, ya je yaƙin Bama, muna yara yakan ɗauko mindojinsa huɗu ranar sallah ya maƙala a ƙirjin riga, mu yi ta shafawa yana buge mana hannu. Daga nan abin ya shige ni.

Wani mai sayar da tsofaffin kuɗi a kasuwar Katsina, inda nakan tsaya in duba anini da sisi da kwabo mai huji, shi ya haɗa ni da mutumin. Ban zargi mai kuɗin ba, shi ma daga baya na gane cin sa aka yi. Mutumin dattijo ne a ido, shadda mai guga, carbi a hannu, da jakar takardu masu tambarin kambi. Ga baki. Ya san runduna ta 81 da ta 82 ne suka je Bama daga Afirka ta Yamma, ya san kwarin Kaladan, ya san an ci Myohaung a Janairun 1945 kuma sunanta ne ke kan wani bariki a Legas. Har ziyarar da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai wa sojojinmu a can ya kawo. Na ce a raina yau na samu abokin hira. Ashe haddace darasi ya yi.

A haɗuwa ta uku ya warware auduga ya miƙo mini mindar azurfa, irin wadda Ingila ta ƙirƙiro a 1902 don yaƙe-yaƙenta na Afirka. A kan ƙyallenta an gitta ɗan ƙarfe mai rubutun N. NIGERIA 1903. Wanda ya san tarihi ya san nauyin wannan shekara: an ci Kano a Fabrairu, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. A gefen mindar ga lamba, ga muƙami, ga sunan wani farabiti Bahaushe. Ba wai ina alfahari da abin da masu wannan minda suka yi ba ne, amma shaida ce da za ka riƙe a tafin hannu, kuma na yi shekaru ina nemanta.

"Malam, wani Bature a Abuja ya taya, amma na ce bai kamata ta bar ƙasar nan ba," in ji shi. "Jibi zan tafi."

Na biya naira dubu 180. Kuɗin da nake tarawa don gyaran rufin ɗaki ne.

Kwana biyu ina murna. A na uku na kai wa wani abokina maƙerin fari don ya gani kawai. Ya juya ta sau biyu, ya sa gilashin masu gyaran agogo a ido, ya bi gefen da farce, sannan ya ce, "Malam, an ci wannan wurin da magagari." Da na duba da kyau, ɓangaren da sunan yake ya fi sauran siranta, kuma yana wani sheƙi daban. Faɗin irin wannan minda milimita 36 ne ta kowace fuska. Tawa idan ka auna ta wajen sunan sai ta gaza. An kankare sunan mai ita na asali an zana wani. Haruffan ma ba su daidaita ba, wani ya nutse wani ya taso, alhali na gaske galibi bugawa ake yi da ƙarfen haruffa, su fito tsaf a jere.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda ya kamata in gani tun a hannunsa. Kan sarkin da ke jiki. A 1903 Edward na bakwai ke sarautar Ingila, har zuwa 1910. Tawa kuwa GEORGIVS aka rubuta, wato ɗansa George na biyar. Dukansu masu gemu ne, ni kuma zumuɗi ya hana ni karanta rubutun da ke kewaye da gemun. Gangar mindar ta gaske ce, ta wani yaƙin daga baya, aka cire ƙarfenta aka liƙa na 1903 na jabu. Na nemo rajistar waɗanda aka ba mindar, wadda ke gidan adana takardun gwamnatin Ingila a Kew ƙarƙashin lambar WO 100, ana kuma samunta a intanet. Na bi sunayen har idona ya yi ja. Babu wannan suna a kan wannan lamba. Na kira wayarsa, a kashe.

Da a nan ya tsaya da na haɗiye abina. Amma cikin hirarmu na riga na ba shi labarin kakana, na gaya masa mindojin suna Daura wajen gwaggo, don ita ta yi jinyarsa har ya rasu, har unguwar na kwatanta masa.

Sai da na je gaishe ta bayan sallar layya take ce mini, "Ɗan nan, yaushe kuɗin Baba za su fito? Mutumin da ka turo ya ce wata biyu."

Ya je ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya kira sunana. Ya ce, "Hajiya, gwamnatin Ingila ta saki haƙƙin waɗanda suka je Bama, magada ake rajista, kowane gida miliyoyi." Ya karɓi dubu 15 kuɗin fom, ya ce zai kai mindojin da littafin sallama Kaduna a tantance. Bayan mako guda ya dawo mata da minda huɗu, ya ce littafin yana ofis sai kuɗi sun fito. Dawowar nan ita ce gwanintarsa. Wa zai zargi wanda ya dawo da amana? Har maƙwabta biyu gwaggo ta haɗa shi da su.

Ƙaryar tana kama mutane ne don tana da saiwa a gaskiya. Kowane gidan 'yan mazan jiya ya san ba a biya baƙar fata daidai da Bature ba, kuma da yawa sun dawo sun mutu da ƙorafin haka. Mutum ya zo ya ce maka an tuna da ubanka, ba ka tsayawa bincike.

Ta ɗauko gwangwanin da take ajiye su ta zube mini a tabarma. Tun kafin in taɓa na san ba su ba ne. Tauraron Bama na gaske mai tsini shida ne, tsinin a fiƙe, kambin da ke sama kana iya ganin ƙananan zanensa, rubutun THE BURMA STAR a fili. Wannan tsininsa a dakushe, kambin ya zama dunƙule, jikin duk 'yan ramuka kamar fatar lemo, ga layin haɗin mazubi ya bi gefe. Zubi ne aka yi daga jikin na gaske, sannan aka shafa masa baƙin man takalmi a lungunan don ya yi kama da tsoho. Na goga da gefen rigata ya fito. Mai zagayen nan da ke da zaki a tsaye kan dodo, gashin wuyan zakin ya shafe sumul, na ƙwanƙwasa ta a daɓe ta yi "ɗif" kamar dalma. Ƙyallen kuwa sabo fil, shuɗin da jan da ruwan lemon suna ƙyalli. Na kakana ya koɗe tun ban san kaina ba, kuma kakata ta ɗinke shi da baƙin zare inda ya tsage.

Ga abin da nake so magada su gane, don shi ne zuciyar damfarar. Mindojin yaƙin duniya na biyu da Ingila ta raba, taurarin da masu zagayen, galibi ba a sa musu suna ba, kuma an buga su da yawan gaske. Su kaɗai ba wani kuɗin kirki suke yi ba. Abin da ke ɗaga darajarsu takarda ce: littafin sallama mai suna da lamba da bataliya, ko hoto da kaki. Da takarda, tagullar nan ta zama ta wani mutum takamaimai, sojan Najeriya da ya je Arakan a ƙasar Bama, irin abin da masu tarawa a waje ke so. Shi ya sa ya dawo da ƙarfe ya riƙe littafi. Na yaƙin duniya na farko da na 1903 da na 1906, shekarar Satiru da Haɗejiya, su da sunan mai su a jiki suke zuwa, don haka su ake kankarewa.

Yana da wata fuskar kuma. Inda ya ga mai son kuɗi, sai ya ce mindar akwai zinariya a ciki, ko wani sinadari da Turawa ke nema, a kawo kafin alƙalami ya haɗa ka da mai saye. Taurarin tagulla ce da tutiya, babu ƙwayar zinariya. An kuma gaya mini ya nuna wa wani Alhaji a Katsina kuros ɗin Victoria, lambar jarumta mafi girma ta Ingila, wai ta wani saje Bakatsine ce. Waɗanda aka taɓa ba wannan lamba ba su kai 1,400 ba, sunan kowa a rubuce yake, kuma babu sojan Najeriya a cikinsu. Wadda aka bayar a yaƙin 1903, Laftanar Wallace Wright aka ba, kan karon da aka yi a Kwatarkwashi. Sauran lambobin jarumta da sojojinmu suka samu, irin na Samanja Chari Maigumeri da aka sa wa barikin Lakwaja sunansa, ana shelanta su a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Ingila, ana iya dubawa.

In ya zo gidanku, kada minda ko takarda ta fita daga hannunku ko na minti ɗaya. Mai tantancewa na gaske hoto ya ishe shi. Ku ce masa ku tafi tare ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, ku ga ko zai yarda. Ku kira wanda ya ce shi ya turo shi tun yana zaune. Yau ɗin nan ku ɗauki hoton kowace minda gaba da baya da gefe, da kowane shafi na littafin. Kuma don Allah a daina dirje su da toka da lemon tsami, dattin shekarun nan shi ma shaida ne. Masu saye irina kuwa, a karanta sunan sarki, a auna, a duba rajista kafin a ƙirga kuɗi. In an ce maka jibi za a tafi, bari a tafi.

Mun kai ƙara wajen 'yan sanda, mun sanar da mai unguwa. Hoto ɗaya tak nake da shi na littafin kakana, shafin farko, wanda na ɗauka shekaru uku da suka wuce, shi na ba su. Wanda aka kawo wa tallan minda huɗu a haɗe da littafin sallama mai tabon manja a kusurwar bango, ya duba ƙyallen tauraron Bama ta baya. In ya ga ɗinkin baƙin zare, namu ne, ya riƙe mai tallan da hira ya aika a kira 'yan sanda.

Gwaggo ta ƙi yarda in tafi da na jabun. Ta mayar da su gwangwani ta tura ƙarƙashin gado, ta ce a bar mata su har na Baba su dawo.